Babi na Shida: Gwanin Ƙwallo da Bindiga a Hannu

A watan Disamba na 2020 kamfanin Garena, mai hedikwata a Singafo, ya sanar da cewa ya ƙulla yarjejeniya da Cristiano Ronaldo. Kamfanin shi ne mai wasan waya da ake kira Free Fire, inda ake jefa mutum 50 a wani tsibiri, kowa ya ruga ya nemi makami, a yi ta ɓarin wuta har sai mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya ta rage. Aka zana wani jarumi mai kama da Ronaldo, aka raɗa masa suna Chrono, aka saka shi cikin wasan. Daga ranar, yaron da ke da waya da data ya samu damar shiga rigar Ronaldo ya yi ta harbin mutane.

A cikin watan ne kuma, ranar 11 ga Disamba, 'yan bindiga suka faɗa makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a jihar Katsina, suka kora ɗalibai sama da 300 cikin daji. Bayan wata biyu da rabi, ranar 26 ga Fabrairu 2021, aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara ta jihar Zamfara, aka tafi da yara 279. Babu abin da ya haɗa sanarwar Singafo da waɗannan masifu, kuma ba za mu ƙirƙiro alaƙar da babu ita ba. Abu guda ne ya tara su: yaron Gusau ko Tsafe ko Bungudu mai shekara goma sha biyu ya ga duka biyun a lokaci ɗaya, sau da yawa ma a waya ɗaya. Tambayar wannan babi ke nan: me yake faruwa a zuciyar yaro idan mutumin da ya fi burge shi a duniya ya fito riƙe da bindiga, a ƙasar da yaron ya san ƙarar ta gaske?

Ciniki ne, kuma babba

Ba Ronaldo ya fara ba. Tun a 2010 Kobe Bryant, gwanin ƙwallon kwando na Amurka, ya fito a tallar wasan Call of Duty yana harbi cikin kufan gari, har wasu iyaye da 'yan jarida a can suka yi ta ƙorafi. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2018 a Mosko, Antoine Griezmann na Faransa ya ci fenariti a ragar Kuroshiya, sai ya taka wata rawa da aka sani a wasan Fortnite, duniya tana kallo. A 2021 Fortnite ɗin ya saka Neymar cikin jarumansa, sai Harry Kane na Ingila da Marco Reus na Jamus, sai LeBron James. A watan Nuwamba na 2022, ana tsakiyar gasar Kofin Duniya a Ƙatar, kamfanin Activision ya fito da Neymar da Paul Pogba da Lionel Messi a Call of Duty, kowanne sanye da kayan yaƙi. A wannan watan kuma PUBG Mobile ya ƙulla tasa yarjejeniyar da Messi. Ranar 18 ga Disamba Messi ya ɗaga kofin, ya zama yaro na kallonsa da kofi a gidan kallo, ya koma gida ya tarar da shi da bindiga a waya. Wanda yake tsammanin harkar ta Turawa ce kaɗai, ya sani cewa a Riyad ta Saudiyya aka fara yin babbar gasar wasannin bidiyo ta duniya a 2024, da Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty duk a ciki, kuma a 2025 Ronaldo ne aka naɗa jakadanta.

Me ya sa kamfanonin suke bin 'yan ƙwallo da maƙudan kuɗi? Ba don sun iya harbi ba ne. Yawancin waɗannan wasanni kyauta ake sauke su a waya. Kuɗin yana shigowa ne daga baya, ta hanyar sayar da riguna da hula da kalar bindiga da sababbin jarumai a cikin wasan. Irin wannan kasuwa sai da taron jama'a, kuma babu mai tara jama'a kamar ɗan ƙwallo. A Nuwamba na 2022 Ronaldo ya zama mutum na farko da ya kai mabiya miliyan 500 a Instagram. Abin da kamfani yake saye shi ne soyayyar da waɗannan miliyoyi suke yi masa.

Nan kuwa ƙullin yake. Hukumomin da ke tantance wasanni a Amurka da Turai sun rubuta a jikin Call of Duty ɗin da aka saka Messi cewa na masu shekara 17 ne a Amurka, 18 a Turai. Amma masoyan Messi ba su da iyakar shekaru. Yaro ɗan shekara bakwai da ke yawo da riga mai lamba 10 a Sabon Garin Gusau yana cikinsu, kuma kamfanin ya san da haka, shi ma Messi ya sani.

Yadda wasan ya shigo unguwa

A da, sai yaro ya je gidan gem. Shago ne da benci biyu ko uku, da talabijin, da PlayStation, da janareta a bakin ƙofa. Ka biya, ka buga ƙwallo ko Mortal Kombat, lokacinka ya ƙare ka tashi wani ya zauna. Ko ba komai, uba ya san inda zai je ya kamo ɗansa da kunne. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix ne suka sauya lissafin. Free Fire, wanda ya fito a 2017, an tsara shi ne musamman don ya yi aiki a ƙananan wayoyi marasa ƙarfi, kuma zagaye ɗaya bai fi kamar minti goma ba. PUBG Mobile ya biyo baya a 2018, Call of Duty na waya a 2019. Gidan gem ya koma aljihu.

Ka tsaya bakin rumfar mai caji a Tudun Wada bayan la'asar, za ka ga yadda abin yake. Waya ɗaya ce, a hannun wani matashi, igiyar caji na maƙale da ita, kawuna biyar ko shida sun rufe ta. Ƙannensa ne da abokansu, ba mai taɓa wayar, amma kowa da aikinsa. Wannan yana cewa, "Yaya, ga shi can bayan mota!" Wancan yana cewa, "Ba shi a kai! A kai!" Ƙaraminsu, wanda har yanzu bai gama haɗa baƙi da wasali ba, ya san sunayen bindigogi: ga AK, ga M4, ga AWM. Ya san wadda ake harbin nesa da ita da wadda ake shiga ɗaki da ita, ya san harsashi nawa kowace take ci. Babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Kallo kawai ya yi.

Da dare kuma, a cikin gida, uba ya leƙo ya ga hasken waya. "Kai, mi kake yi tun ɗazu?" Yaro ya ce, "Baba, wasan Ronaldo ne." Uban, wanda shi ma tsohon ɗan Madrid ne a gidan kallo, sai ya saki fuska ya wuce, a zatonsa ƙwallo ake bugawa. Wannan shi ne babban aikin da sunan ɗan wasa yake yi wa kamfani a garuruwanmu: yana wuce da kayan ta gaban maigida ba tare da an buɗe an duba ba. Da yaron ya ce wasan kashe mutane ne, da an karɓe wayar tun a daren.

Abin da bincike ya nuna

Kafin mu ɗora wa wasa laifin da ba nasa ba, ya kamata mu ji ta bakin waɗanda suka daɗe suna nazarin lamarin. Tun a 1961 Albert Bandura, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya nuna cewa yaran da suka ga babba yana jibgar wata 'yar tsana sun fi saurin jibgar ta su ma. Daga nan aka ƙarfafa fahimtar cewa yaro yana kwaikwayon wanda yake gani da girma. Amma kwaikwayon duka a ɗakin gwaji daban, ɗaukar makami a kashe mutum daban.

A 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata dokar jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara wasannin tashin hankali, inda ta ce hujjojin da aka kawo ba su tabbatar da cewa wasannin ne suke sa yara ta'asa ba. A 2015 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce akwai alaƙa tsakanin irin waɗannan wasanni da ƙaruwar zafin rai da raguwar tausayi, amma babu isasshiyar hujjar da za a ce suna kai mutum ga aikata manyan laifuka. A 2020 ta sake nanata haka, ta kuma gargaɗi masu jingina kashe-kashe ga wasan bidiyo cewa suna kawar da hankali daga dalilai na gaskiya. A 2019 masu bincike a Jami'ar Oxford sun nazarci matasa kusan 1,000 masu shekara 14 da 15 a Birtaniya, ba su ga alaƙa tsakanin yawan buga wasannin da yawan faɗa ba.

Mu ma muna da namu gwajin, ko da yake ba mu muka roƙe shi ba. A farkon Satumba na 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, aka katse layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu ba su labari. Mutanen Tsafe da Gusau sai da suka riƙa niƙar gari zuwa Funtua don su buga waya. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, sauran wurare suka ƙara jira. A tsawon wannan lokaci harbin waya ya tsaya cak, domin wasannin ba sa yi sai da intanet. Harbin daji bai tsaya ba.

Ba abin mamaki ba ne. Ta'addancin Zamfara ya girmi Free Fire. Tushensa yana cikin satar shanu da ta ta'azzara tun wajajen 2011, da rikicin gona da burtali, da kisan gilla tsakanin 'yan sa-kai da mazauna daji, da zalunci a wajen shari'a, da makaman da suka malalo bayan rugujewar Libiya, da haƙar zinariya, da talauci, da rashin makaranta. Duk wanda ya ce wasan waya ne ya haifi ɓarayin daji, ya wanke masu laifin gaskiya ne kawai.

Yaron da ya san ƙarar ta gaske

To, shi ke nan, sai mu kwantar da hankali? A'a. Yaran da aka nazarta a Birtaniya, bindiga a wurinsu hoto ce. Idan sun kashe waya sun rabu da ita. Ba a yi masu tallar shiga daji, ba su san wani sa'ansu da ya tafi ya dawo da babur sabo ba. Sakamakon da aka samu a kansu gaskiya ne a kansu, amma ba a ɗauko shi ɗungurungum a shimfiɗa wa yaron Tsafe.

Dubi abin da wannan yaro ya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa cikin 'yan shekaru. A Satumba na 2021 aka sace Sarkin Bungudu, Alhaji Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi kusan wata guda a hannu. A Yuli na 2022 aka naɗa Ado Aleru, wanda 'yan sanda suke nema ruwa a jallo, sarautar Sarkin Fulani a masarautar 'Yandoton Daji da ke ƙaramar hukumar Tsafe, a bainar jama'a, kafin gwamnati ta soke naɗin ta dakatar da sarkin. Ranar 22 ga Satumba 2023 aka shiga ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bungudu, aka kwashi ɗalibai, yawancinsu mata. Hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtua ta zama wadda ake shiga da addu'a. Waɗanda Allah ya kuɓutar daga daji sun sha faɗin cewa masu tsaronsu da bindiga sau da yawa yara ne ƙanana, waɗanda ko gemu ba su fara ba. A TikTok kuma ga 'yan bindigar nan suna baje kuɗi, suna rataye da makamai, har da masu yi masu tafi a ƙasan bidiyo.

Darasin da duk waɗannan suke koya wa yaro guda ɗaya ne: mai bindiga shi ake tsoro, shi ake biya, shi ake zama da shi a yi sulhu, wani lokaci ma shi ake naɗa wa rawani. Abin da ya rage a hannun iyaye da malamai shi ne su ce masa: duk da haka, wannan hanya ƙazanta ce, mutumin kirki ba ya bin ta. Katangar da ta rage ke nan, kuma ita ce fuskar gwanin ƙwallo take zaizayewa. Ɗan daji zai iya nuna wa yaro cewa bindiga tana kawo kuɗi, amma ba zai iya nuna masa cewa tana da mutunci ba, domin kowa na tsine masa. Messi kuwa ba wanda ke tsine masa. Idan mutumin da duniya ta yi wa shaidar natsuwa da kamun kai ya saka kaki ya saɓa bindiga, ko da a zane ne, ya ara wa bindigar wani abu daga cikin kwarjininsa.

Akwai kuma wani yaron da ake mantawa da shi. Gusau da Tsafe cike suke da iyalan da suka gudo daga ƙauyuka, suna raɓe a gidajen 'yan'uwa da kangaye. Yarinyar da ta kwana cikin gero tana jin harbi a kan gidansu, yau tana ɗaki ɗaya da ɗan kawunta da ke buga PUBG da ƙarar waya a buɗe. Kamfanonin sun kashe kuɗi sosai don ƙarar AK ɗinsu ta yi kama da ta gaske, kuma sun yi nasara. Shi yana dariya, ita tana toshe kunne.

Daga Shago zuwa Ronaldo

Wani zai ce, ai yaran Hausa tun fil azal suna wasan faɗa, kuma gwanayensu ma mafaɗata ne. Gaskiya ne. Mun yi bindigar kara da ta laka, mun yi baka da kibiya, mun yi danƙo, mun yi langa har an fasa baki. Ƙasar Zamfara kuwa gidan dambe ce da kokawa. Sunan ɗan damben nan Shago, wanda Ɗan Anace ya waƙe har ya zaga ƙasar Hausa, yana nan a bakin mutane. Yara sun naɗe hannu da tsumma sun kwaikwayi gwanayensu a bayan gari, kuma ba su tashi 'yan ta'adda ba.

Amma a lura da abin da yaro yake gani a fagen dambe. Yana ganin gwaninsa ya sha naushi, ido ya kumbura. Yana ganin wanda ya faɗi an ɗaga shi, an yayyafa masa ruwa. Yana ganin alƙali ya raba, manya suna zaune, akwai dokar da ba a ƙetarewa, kuma gobe waɗanda suka dambata za su ci tuwo a kwano ɗaya. Ɗan dambe da jikinsa yake biyan kuɗin sunansa, kuma yaro ya san haka. A cikin waya kuwa babu ciwo, babu jana'iza, babu marayu. An harbe ka, ka danna, ka sake saukowa daga jirgi. Wanda ka kashe ya zama lamba a saman allo, kayansa kuma ganima ce da za ka kwashe.

Abin takaicin shi ne, abin da ya sa Ronaldo ya zama Ronaldo ba ya cikin abin da ake sayarwa. Yaro ne ɗan talakawa daga tsibirin Madeira, wanda ya kai inda ya kai da atisaye da horon kai da kiyaye abin da yake ci. Wannan ne darasin da yaron Bungudu yake bukata. Abin da ya iso wayarsa kuwa fuskar ce kawai, da makami.

Kuɗi, lokaci da barci

Ko da mun ajiye batun bindiga gefe, akwai ɓarnar da ba ta bukatar dogon bincike, domin kowace uwa ta san ta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da saka jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, matakin da ya fara aiki a 2022. Alamarta ita ce mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasa a kan karatu da barci da hulɗa da mutane, kuma ya ci gaba duk da yana ganin illar. Ba kowane mai wasa ne ya kai nan ba, kaɗan ne. Amma an gina wasannin ne don a daɗe a ciki: kyautar yau daban, ta gobe daban, wanda ya yi fashin kwana ɗaya ya yi asara.

Sannan ga kuɗi. Jarumi mai fuskar ɗan ƙwallo da kayan adonsa yawanci saye ake yi, da daimon a Free Fire ko abin da ake kira UC a PUBG, su kuma da naira ake sayen su. Ga kuɗin data, ga na caji. Yaron da ba ya sana'a, daga ina? Daga canjin cefane, daga kuɗin tara, daga asusun uwa idan ya san lambar sirrinta. A Disamba na 2022 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin Epic Games, mai Fortnite, biyan dala miliyan 520 saboda tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba da kuma dabarun sa mutane sayen abin da ba su yi niyya ba. Iyayen Amurka sun samu mai ƙwato masu haƙƙi. Uwar da ke Kwatarkwashi ba ta da inda za ta kai ƙara.

Duk wannan yana faruwa ne a Zamfara, jihar da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwamba na 2023, jihar da makarantu suka sha rufewa saboda tsoro. Rashin tsaron ma shi ne ya ƙara tura yara cikin waya. Uba yana gudun ɗansa ya je filin bayan gari, sai ya ga gara ya zauna a ɗaki. Ba za a zarge shi ba, amma ya kamata ya san abin da ke cikin ɗakin.

Wa zai tsawata?

Ƙasashe sun gwada hanyoyi daban-daban. Majalisar Iraƙi ta haramta PUBG da Fortnite a 2019, tana mai kafa hujja da halin da matasanta suke ciki bayan shekarun yaƙi. A shekarar ne malaman lardin Aceh na Indunusiya suka ba da fatawar haramta PUBG. Indiya ta toshe PUBG Mobile a 2020 da Free Fire a 2022, ko da yake dalilinta tsaron bayanai ne. Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa uku a mako tun 2021. Haramci irin wannan yana da wuyar tabbata, domin yara sun fi hukuma sanin hanyoyin zagayewa.

Matakin da ya fi dacewa da batunmu shi ne na Birtaniya. Daga Oktoba na 2022 ta hana fitattun 'yan ƙwallo fitowa a tallar caca, bisa dalilin cewa suna da farin jini na musamman a wurin yara. Wato hukuma ta yarda cewa fuskar ɗan ƙwallo ba kamar sauran fuskoki ba ce. A Najeriya muna da hukumar kula da tallace-tallace da hukumar tace finafinai, kuma a 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda wani shiri a kan 'yan bindigar Zamfara, bisa zargin ɗaukaka ta'addanci. An hukunta 'yan jaridar da suka nuna bindigar gaske don a san halin da ake ciki, amma wadda ake tallata wa yara a waya tana shigowa ba mai tambaya.

Su kansu 'yan wasan sun san nauyin hannunsu. A Yuni na 2021, a gasar cin kofin Turai, Ronaldo ya ture kwalaben Coca-Cola daga gabansa a taron 'yan jarida, ya ɗaga gorar ruwa. Washegari Pogba, wanda Musulmi ne, ya sauke kwalbar giya daga teburinsa. A 2022 Kylian Mbappé ya yi tsayin daka da hukumar ƙwallon Faransa don kada a yi amfani da hotonsa a tallar da bai yarda da ita ba, ciki har da ta caca. Ashe suna iya cewa a'a. Pogban da ya ƙi zama kusa da kwalba saboda addininsa da masu koyi da shi, shekara ɗaya da rabi bayan haka ya ba da fuskarsa a rataya mata bindiga. Zaɓi ne suka yi, kuma muna da damar mu ce zaɓin bai yi ba.

Abin da ke hannunmu

Ronaldo ba zai ji kukan Tsafe ba, kamfanin Singafo ma haka. Gyaran da za a iya yi a nan yake. Na farko, uba ko uwa su zauna kusa da yaro su ce, "Buɗe in gani." Minti goma sun isa a san ko ƙwallo ce ko harbi. A shagon Google na waya akwai alamar shekarun kowane wasa, akwai kuma manhajar Family Link da ke ba iyaye damar ƙayyade lokaci da hana saye. Wanda bai iya ba, ya sa yayan yaron ko mai gyaran waya ya saita masa. Ƙaramin yaro ba shi da abin yi da wasan da aka rubuta wa shekara 18, ko hoton wa aka manna a kai. Matashi kuwa, ƙwace waya da duka ba su cika aiki ba. A yi masa iyaka, waya ta kwana a ɗakin iyaye, a kuma yi masa maganar da ta dace da hankalinsa: wannan da kake harbi a wasa, a garinmu yana da uwa.

Masu gidajen gem su raba lokacin yara da na manya, su bar wa yara ƙwallo da tsere. Masu unguwanni da limamai da Hisba su sa ido a kan wannan da nasiha, ba sai an kai ga rufe wa mutum hanyar abinci ba. Yayye su sani cewa ƙannen da ke leƙen kafaɗarsu karatu suke ɗauka.

Na ƙarshe, a ba yara gwanayen da za su iya taɓawa. Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014 da biyu a ragar Iceland a 2018, ya gina cibiyar wasanni a Kano, ya kuma dawo ya saka rigar Kano Pillars yara suna kallonsa ido da ido. Zamfara tana da filin wasa na tunawa da Sardauna a Gusau, tana da Zamfara United, tana da 'yan dambe da 'yan kokawa, tana da ƙungiyoyin unguwa da ke buga ƙwallo ba takalmi. Gwamnati da masu hali su gyara filaye a cikin gari inda iyaye za su sake su bar yara su je, a dawo da gasar makarantu tsakanin Gusau da Tsafe da Bungudu. Yaron da ya gaji da gudu a fili barci yake yi da dare.

Ya kai mai karatu, idan akwai yaro a gidanka mai riƙe waya, kada ka kwanta yau sai ka ga wasan da yake bugawa.